Shaidar Bango

An ba ni aikin toshe tsaga
a tsohon gidan shari'a, tsakanin Birni da Zango,
inda duwatsu suka gurfana kamar raƙuma
da aka sauke wa kaya, aka manta da su.

Na jingina tsani da hantsi.
Waje siminti ne, fenti bisa fenti,
fari, rawaya, da wani shuɗi da ya mutu tun kafin a haife ni.
Na sa guduma, ɓawo ya zubo,
sai ga tubali a ciki, jajaye, zaune sahu sahu
kamar masu jiran liman.

Wanda ya zana gidan nan da takarda ya zo daga nesa.
Ya ce ginshiƙi shida, baranda mai faɗi,
tagogi dogaye, iska ta riƙa ratsa hukunci.
Takarda ta ce a yi, ba ta ce ga yadda.
Da gini ya kai wuya, mai zane ya tsaya cizon alƙalami,
magina suka lanƙwasa azara,
suka ɗaure masa bakan gizo bisa kai,
suka shafe soron da makuba,
suka kafa indararo bakwai suna kallon gabas.
Har yau in damina ta sauka
ta bakinsu gidan ke magana.

Kakana Kalla yana cikinsu.
Ba a tambaye shi ba. Gardi ya zo ƙauye,
ya ƙirga kawuna da bulala, na tara ya faɗa kansa.
Wata goma sha ɗaya yana cuɗa ƙasa.
Dutsen harsashi ya ci masa ƙaramin yatsan hagu,
aka ɗaure da tsumma, aka ce ci gaba.

Shekaru suka shuɗe, furfura ta fito,
ya dawo gidan da ƙafarsa
kan wata rijiya a bakin gonarsa
da Nomau ya ce ta ubansa ce.
Ya zauna bisa dakalin da ya daɓe da hannunsa
tun sanyin safe har inuwar bedi ta juya.
Ya faɗi magana goma, tafinta ya miƙa uku,
ukun ma sun isa gaban alƙali da ɗingishi.
Aka buga hatimi.
Rijiya ta tafi.

Inna Gaji ta ce da ya fito bai zagi kowa ba.
Ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya daɗe,
ya ce, to, wannan dai bai karkace ba.

Yanzu jemagu ke sauraren ƙara a ɗakin baya.
Gara ta karanta fayiloli, ta yanke nata hukunci.
An sa fanka inda yaro ke jan igiya da,
an sa kujerun roba, an canza hoton bango sau da yawa,
ƙusar dai ita ce.
Mai sayar da kunu na nan bakin ƙofa,
wanda ya ci da wanda aka kayar
ludayi ɗaya suke sha.

Da la'asar na kai gindin tsagar.
Na hura ƙasa, na goga da hula.
A jikin wani tubali, tafin hannu ya nutse,
na hagu,
ɗaya, biyu, uku, huɗu.
Na sa nawa a kai.
Ƙaramin yatsana ya rasa wurin kwana.

Ɗan kwangila ya ɗago kai daga waya,
ya ce Barma, yaɓe, rana na tafiya.
Na yaɓe sama, na yaɓe ƙasa,
na bar wuri kamar faɗin faifai.
Ya ce wannan fa?
Na ce shaida ce, ranka ya daɗe,
ta daɗe tana jira a kira ta,
kuma ba ta bukatar tafinta.

Ya zaftare mini jaka biyu.
Na sauke tsani, na wanke cebur,
na bi ta gefen duwatsu zuwa gida.